Ta'aziyyar Gajera, Inhelar Kafinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, da ƙirjin da dama can ba wani fili gare shi ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ke jiran kujerunsu tun bara, rasuwar abokiyar zamana, inhelata, 'yar robar shaƙar maganin numfashi, wadda gida da shago suka sani da Gajera. Ta riga mu gidan gaskiya bayan doguwar jinya da ta yi shiru, ba ta ɗora wa kowa wahala ba. Ni ne mai ita, kafintan nan da shagonsa ke kallon gidan mai, wanda kuke jin tarinsa kafin ku ga fuskarsa. Na so in buɗe wannan sanarwa da kalmomin da aka saba buɗe irinta da su, sai uwar yara ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, roba ce fa." Na goge su, ba don na yarda ba, sai don a zauna lafiya.

Ga waɗanda ba su samu ganinta da rai ba, marigayiya 'yar dunƙulalliya ce, toka-toka, iya tafin hannu, da maɓalli guda a gefenta. Ta shigo gidanmu shekarar da likita ya ɗaga hoton ƙirjina a fitila, ya ce dusar katako da warin fenti da tabar da na zuƙa tun ina saurayi sun haɗu sun toshe min hanyoyin numfashi. Na ce asma ce kenan. Ya ce a'a, asma takan zo ta tafi, wannan da kayansa ya zo. Daga nan ya rubuta min Gajera da kwalin kafso.

Aikinta ba shi da yawa, amma na mutunci ne. Za ka buɗe bakinta, ka jefa kafso ɗaya, ka rufe, ka danna maɓallin nan allura ta huda shi. Sai ka fitar da iskar ƙirjinka can gefe, ka sa ta a baki ka ja da ƙarfi. Idan jan ya kai, kafson zai yi ta juyi a cikinta, ka ji ta ce krrrrr, garin magani ya bi iska ya sauka inda ake nemansa. Duk rayuwarta wannan kalma ɗaya ta sani, kuma ba ta taɓa faɗarta a banza ba.

An shaide ta da haƙuri da rufin asiri. Satin farko da ta zo, ni dai kafso tun da aka haife ni haɗiye shi na san ana yi, saboda haka kullum da safe sai in kora ɗaya da shayi, ita kuwa Gajera na ɗora ta kan rediyo, a zatona kyauta ce asibiti ke bayarwa don ado. Tana zaune tana kallona ina cinye mata abinci, ba ta ce uffan ba. Sai da babbar 'yata ta zo ta gani, ta dafe kai, ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya ta nuna min yadda ake yi. Har yau idan an taru tana ba da labarin nan, amma Gajera ko sau ɗaya ba ta taɓa yi min gori ba.

Ba ta neman caji, ba ta neman batir, a kawo wuta ko a ɗauke duk ɗaya ne a wajenta. Abin da ta ƙi a duniya jiƙaƙƙen hannu ne kawai. Ta taɓa faɗowa daga kan benci ta dira cikin gwangwanin gam, aka ciro ta aka goge, washegari ta yi aikinta. Uwar yara ta taɓa zama a kanta tsawon wani shirin rediyo, kuma duk wanda ya san uwar yara ya san wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Ta fito ko tsagewa ba ta yi ba.

Amma babbar hidimar da ta yi min, wadda saboda ita nake wannan rubutu, ita ce shaida. Bayan kwanciyar da na yi a asibiti ta ƙarshe, babbar 'yata, wadda ta kwaso taurin kaina kaf ba ta rage wa ƙannenta ba, ta tsare ni a gaban uwarta muka yi alkawari. Muddin magani na riƙe da ƙirjina, zan ci gaba da zuwa shago. Ranar da asibiti suka ce ƙirjin ya ƙara sauka, zan miƙa makulli ga ƙaninta, yaron da ƙusa ke lanƙwashewa da kanta in ta hango shi da guduma, ni kuma in dawo gida in zauna. Na amsa da sauri, domin a lokacin ban ga ranar za ta zo ba. Ita kuwa ba ta yarda da bakina ba. Kowace safiya sai ta kira waya ta ce, "Baba, ina kwana? A sa min ita in ji." Sai in kara wayar, in ja, Gajera ta ce krrrrr, 'yata ta ce, "To Allah ya tsare, a sa ƙyallen hanci." Da wannan krrrrr ɗin nake buɗe shagona.

Ciwon ajalinta a murya ya fara. Da farko kukan ne ya gajarce, krrr, ta yanke. Na ce sanyi ne. Daga baya sai ta koma kr, kr, kamar mai son magana ana danne mata baki. Wata safiya ta ce tik, ta yi shiru, kuma daga ranar ban ƙara jin muryarta a bakina ba. Idan na buɗe ta bayan na ja, sai in tarar da kafson da hudarsa, amma garin na nan kwance a ciki bai je ko'ina ba.

Allah ya gani, na yi mata jinya iya ƙarfina. Na goge ta da busasshen ƙyalle. Na shanya ta a taga. Na canza kwalin kafso, na koma wurin mai kantin magani na ce masa kayansa sun kwana, muka yi kaca-kaca a gaban mutane, alhali bawan Allah bai ci min komai ba. A tsakanin nan hanyar shago ta fara yi min tsawo. Nakan tsaya gaban kantuna ina karanta allunansu kamar mai neman wani adireshi, har na haddace lambar wayar mai gyaran firji. A shago kuwa katakon da nake rabawa da zarto ina hira, sai da na zauna a tsakiyarsa. Duk wannan na ɗora shi a kan rashin lafiyar marigayiya, kuma ban sauke ba har yanzu.

Sauran matsala kiran safe. Mara lafiya ba ta iya magana, 'yata kuma sai ta ji. Kafinta ba ya rasa dabara. Na gwada abubuwa da dama a shago, haƙoran zarto sun yi kaushi, zaren sukurum ya yi siriri, har na gano cewa idan ka ja ƙusa 'yar inci biyu a kan haƙoran matajin roba, ba da sauri ba, sautin da ke fita ko mai ita ba zai bambance ba. Matajin na uwar yara ne. Ta ga abin da nake yi, ta kalle ni, ta kalli matajin, ta wuce kicin, kuma da ina da wayo da kallon nan ya ishe ni gargaɗi. Wata rana 'yata ta ce, "Baba, yau muryarta ta yi kauri." Na ce girma ne.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na kai ta wurin babban likitan da na yarda da shi, abokina mai gyaran agogo da muke kira Minti Biyar, saboda ko agogonka zai shekara a hannunsa abin da zai ce maka kenan. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya juya ta, ya leƙa ciki, ya danna maɓallin yana saurare.

"Kafinta," ya ce, "ba komai cikinta sai allura da ɗan sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan da ke mayar da maɓalli. Ni ban ga abin da zai mutu a nan ba."

Na ce ya dai ƙara dubawa, shi ma ai ido ya fara tafiya.

Sai ya karɓi wani kafso da na riga na zazzage, ya jefa, ya goge bakinta da gefen rigarsa, ya ja. Jama'a, gawar nan ta ce krrrrrrrr, da ƙarfin da ban taɓa ji ba ko a ƙuruciyarta, har wata mata da ta kawo agogon bango ta waiwayo. Minti Biyar ya sauke ta a hankali. Ya dube ni, ya kau da kai ya shiga jera ƙananan sukudireba da suke a jere dama.

"Wataƙila iskar shagon nan ce ta karɓe ta," ya ce. Can kuma ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "Amma da ni ne kai, da na leƙa asibiti."

Na ce masa abin da ya gani motsin ƙarshe ne, duk mai rai yakan yi shi. Na karɓi abata na fito. Hanyar gida ranar na karanta alluna da yawa.

Asirin ya tonu ne wata safiya da ba ta da wata alama. Ina zaune bakin gado waya ta yi ƙara. "Baba, ina kwana? A sa min ita in ji." Na ce to. Na ajiye wayar a cinya, na ɗauko mataji, na saita ƙusa, na ja da gwaninta, har da 'yar yankewar nan ta ƙarshe. Sai na ji sautin ya fito sau biyu, ɗaya a hannuna, ɗaya a bayana. Na waiwaya. Tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, waya a kunne, uwarta na bayanta tana duban silin kamar yau ta fara ganinsa.

Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ba ta yi ba. Ta kashe wayar, ta zo ta karɓi matajin ta miƙa wa mai shi, ta durƙusa ta jawo takalmana daga ƙarƙashin gado.

"Baba, sa mu tafi," ta ce.

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A asibiti aka haɗa mu da wata malamar jinya mai fara'ar da ke ba ni haushi. Ta ba ni wani bututu mai layukan awo a jiki, ta ce in ja iska da duk ƙarfina. Na gyara zama, na ja har kunnuwana suka yi zafi. 'Yar alamar da ke ciki ta motsa kaɗan, don kunya, ta tsaya. Na ce bututun ne ya lalace. Ta ce in sake. Na sake, alamar ta tsaya ƙasa da inda ta tsaya ɗazu.

"Baba," ta ce, "inhelarka lafiyarta lau. Irin wannan ba ta da injin kanta, ƙirjin mai ita ne injinta. In jan bai kai ba, maganin a ciki yake zama, ko ya tsaya a harshe. Ka daɗe kana fita ba magani a jikinka."

'Yata ba ta kalle ni ba. Ta kalli kalandar da ke bango.

Malamar ta ce ba kowace inhela ce ta dace da kowane mutum ba, kuma wadda ta dace da kai bara ba lallai ta dace da kai bana ba. Ana duba ƙarfin numfashi, ana duba hannu, ana duba ido, ana duba ko mutum zai iya haɗa abu biyu a lokaci ɗaya. Ta jawo aljihun tebur ta jero min su. Akwai wata mai faɗi kamar murfin gwangwani, na nuna ta don ta yi kama da abin manya, ta ce ita ma gari ce a ciki, dangin Gajera ce, ja take so. Aka ture ta gefe. Ta ce in matse mata yatsu ta ji ƙarfin hannuna, na matse har ta ce wash, kuma ina so a rubuta wannan a tarihi, domin ita kaɗai ce jarrabawar da na ci ranar.

Sai ta kawo mai feshi, wadda ake dannawa a ja a lokaci guda. Na danna kafin in ja, na wanke harshena. Na ja kafin in danna, na fesa wa gashin bakina. A karo na gaba hayaƙin ta hanci ya fito, har 'yata da ke fushi sai da ta rufe baki da gyale. Malamar ba ta yi dariya ba, ta ɗauko wata gorar roba mai haske, ta soka mai feshin a gindinta, ta ce in danna sau ɗaya maganin ya tsaya a cikin gorar, ni kuma in shaƙa a hankali, ba gaggawa, ba ƙarfi. Na gane abar nan. Irinta na gani a hannun wata yarinya 'yar shekara huɗu a layin jira, sai dai tata da hoton agwagwa.

Na ce ni da jikoki ba zan sha iska a gorar yara ba.

"Baba," in ji malamar, "maganin bai san shekarunka ba. Ƙasa kawai yake so ya sauka."

Na shaƙa. Ya sauka. Na ji shi ya sauka, abin da na manta yadda yake, kuma na ji haushin hakan ƙwarai.

Daga nan likita ya shigo ya duba takardu, ya saurari bayana, ya ce ƙirjin ya ƙara sauka, kuma ƙurar katako da fenti sun ƙare a gare ni, ko da ƙyalle ko ba ƙyalle. Ya faɗa a sauƙaƙe kamar mai faɗin ƙarfe nawa. 'Yata ba ta tuna min alkawari ba, ba ta miƙo hannu ba. A bakin ƙofar asibiti muna jiran mota na ciro makullin da kaina na sa mata a jaka. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min ciwo fiye da duk wata allura da aka taɓa yi min a ginin nan. Tun kafin a haife ta nake buɗe ƙofar nan da hannuna. Ta riƙe min hannu har muka iso gida, ni kuma na yi ta kallon taga.

Na san akwai masu cewa wannan sanarwa ƙarya ce, Gajera ba ta mutu ba. Asibiti sun faɗa, Minti Biyar ya gani da idonsa mai gilashi. Ina roƙon su da su yi wa iyalan mamaciya kara. Dole wani ya mutu a cikin wannan labari, kuma da muka zauna muka duba, mun ga ya fi sauƙi a rubuta sunanta a saman takardar nan da a rubuta na ƙirjina.

Marigayiya ta rasu ta bar rabin kwalin kafso, marayu, waɗanda za a mayar wa mai kantin magani tare da ban haƙurin da yake bina. Ta bar mataji guda da ya rasa haƙora a bakin aiki, da ƙusa 'yar inci biyu da ba a tuhume ta da komai ba. Ta bar ni. Ta kuma bar magajiyarta, mai feshi da gorarta, wadda har yanzu ban raɗa wa suna ba, kuma ba na jin zan raɗa. Doguwa ce, ba ta shiga aljihu, sai an wanke ta an kife kamar kofin shayi, bayan an gama kuma sai na kurkure baki uwar yara na tsaye tana sa ido. Gaskiya dai ɗaya ce, da ita na je har bakin titi na dawo ban karanta allon kowa ba. An ce ita ma tana da murya, wai idan mutum ya ja da ƙarfi fiye da kima sai ta yi fito ta tsawata masa. Ni dai ban taɓa jin ta ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu. Ɗana, sabon mai shago, shi ya haɗa akwatin da za a sa ta. Kusurwa ɗaya ta fi 'yan uwanta tsawo, murfin ba ya rufuwa sai an danna, kuma kan wata ƙusa ya leƙo ta gefe yana gaida mutane. Ya kawo min yana ta murmushi, na juya shi a hannu na ce ya yi kyau, Allah ya yafe min. Gawa za ta tashi daga kan teburin falo zuwa saman kabad, inda za a ajiye ta kusa da tsohuwar rediyo. Minti Biyar ne zai ɗauke ta, saboda haka kada kowa ya damu da zuwa a kan lokaci. Masu shan taba su tsaya a bakin titi su yi tasu addu'ar daga can, iska za ta isar. Ba a buƙatar turare, ba a buƙatar shawarar maganin da ya warkar da kawun wani.

Za a karɓi gaisuwa a gida, ba a shago ba. Babu ranar rufewa, babu lokacin da aka ware. Da safe ne, da rana ne, da yamma ne, duk sanda kuka zo za ku same ni a kujerar da ke jikin taga, ba inda zan je. Waɗanda za su biyo daga shago, uwar yara za ta tsayar da ku a waje ta sa ku kakkaɓe rigunanku, ku yi mata biyayya, umarnin likita ne. Amma don Allah wani a cikinku ya ɓoyo min ɗan guntun katako, sabon yanka, komai ƙanƙantarsa. Ba abin da zan yi da shi. Riƙewa kawai zan yi.